Taken Dawuda

Manu ya dawo Kaikai daga yaƙin Bama da akwatin ƙarfe ɗaya da hannun kiɗa. Shekara huɗu ya yi yana buga ganga a badujalar soja. Ya tarar 'yan'uwa sun raba gonar ubansu, shi kuma bai nemi kasonsa ba. Gangar noman Kabo yake so.

Kabo shi ne makaɗin noman wannan yanki na Kusada. Sanyin ƙashi ya lanƙwashe masa yatsu, 'ya'yansa biyu kuma sun tafi haƙar kuza Jos ba su dawo ba. Ya ce duk wanda ya iya, shi zai gaji gangar. Ba wanda ya zo sai Manu.

"Hannunka ya iya ƙirga," in ji Kabo ran farko. "Hagu, dama, hagu, dama. To Soja, nan ba fareti ba ne. Ganga magana take yi."

Kullum bayan la'asar suna ƙarƙashin tsamiyar bayan gida. Kowane manomin kirki yana da takensa, kiɗan da in ya ji a wurin gayya ya san da shi ake. Kabo zai buga take, ya faɗi maganar da ke cikinsa, ya faɗi mai shi da aikin da ya yi har ya samu. Manu yana da saurin ɗauka. Cikin damina biyu ya riƙe take talatin da bakwai. Labarin masu su ne bai cika saurara ba.

Na ƙarshe da aka koya masa ya fi duka nauyi. Yana farawa a hankali, kamar mutum yana gwada ƙasa da bakin garma, sannan ya ɓarke. Maganarsa: Dawuda gagara fako, rana ta faɗi ta bar ka duƙe.

"Na Dawuda ne, Sarkin Noma," in ji Kabo. "Dami dubu ya ɗaure da hannunsa. Shekara uku ke nan da rasuwarsa."

"Taken Sarkin Noma ke nan."

"Na Dawuda na ce. Ɗansa Ummaru na tasowa. In ya kai, in ba shi. In bai kai ba, ya bi mai shi ƙasa. Ka koya ka aje."

Manu ya ce to. A bariki kiɗan Kanar na Kanar ne, ko wane ne ya sa anini a kafaɗa. Bai ga bambanci ba, bai kuma tambaya ba.

Da kakar 1947 Baturen Gona ya shirya nunin amfanin gona a Kankia. Malam Labaran, malamin gona na En'e, ya zo Kaikai a kan keke, ya ce ana son gangar noma.

"Gangar gona ce, Malam, ba ta rumfa ba," in ji Kabo.

"Umurni ne daga sama, Baba."

Kabo ya dubi yatsunsa, ya dubi Manu. "Tahi da ita. Ka yi musu kiɗan taro. Take kuwa, sai in mai shi na wurin."

An kafa rumfunan zana kusa da kasuwa. An jera damman gero, kwandunan gyaɗa, bijimai da aka wanke. Manu ya yi kiɗan taro tun hantsi, mutane suka yaba. Da azahar Bature ya miƙe da takarda. Kyautar farko ta Ma'aruf ce, mai awon gyaɗa a Kankia, wanda ya sayi garmar shanu ya ɗauki 'yan ƙodago suka yi masa huɗa. Shi kansa tafin hannunsa kamar na jariri. Tafinta ya ce Bature ya ce wannan shi ne sarkin noman bana.

Malam Labaran ya rugo. "Soja! Buga masa na sarauta. Maza, Bature na jira."

Manu ya gyara tsayuwa ya buga. Bai kuskure ko bugu ɗaya ba. Ma'aruf ya fito yana gyara babbar riga, yana ɗaga hannu. Bature yana kaɗa ƙafa.

Mutanen Kaikai da ke wurin ba su dubi Ma'aruf ba. Waiwaye suka yi, kamar masu neman wani a cikin taro. Wani tsoho ya ce, "Innalillahi."

Haulatu matar marigayi Dawuda ta kawo fura talla ranar. Ta aje ƙwaryarta a ƙasa, ta ratsa maza, ta tsaya gaban ganga har sai da Manu ya sauke hannu.

"Wa ka kira?"

"Inna, sarkin noma aka ce..."

"Wa ka kira, na ce? Ganga ta ce Dawuda. Ina Dawudan? Wannan mai sikelin?" Ta nuna Ma'aruf da ludayi. "Shekara ashirin ina gasa ma Dawuda baya da ruwan zafi. Tafin hannunsa in ya shafa zane sai ya ja zare. Kai ka zo ka yafa ma wani rigarsa a kasuwa!"

Bature ya tambayi abin da matar ke faɗi. Malam Labaran ya ce guɗa take yi, ta ji daɗin kiɗa. Aka sa ɗan doka ya janye ta. Bature ya miƙa wa Manu hannu, ya ce a rubuta sunansa, shi zai riƙa yi musu kiɗa kowace shekara.

Labari ya riga Manu isa gida. Ya tarar da Kabo a gindin tsamiya, Ummaru ɗan Dawuda yana tsugune gefensa. Manu ya yi sallama. Kabo ya amsa, bai ce ya zauna ba.

"Aje ta nan."

Manu ya sauke gangar. "Baba, ban ɓata ko bugu ɗaya ba. Tambayi kowa."

"Da ka ɓata da na gode Allah. Da an ce wani kiɗa ne."

"Malam Labaran ne ya ce..."

"Labaran ya ce, Bature ya ce. In Labaran ya ce ka ɗauko likkafanin ubanka ka naɗa ma mai gyaɗa rawani, ka ɗauko? Shi bai san mi ya roƙa ba. Kai ka sani. Ni na sa ma a hannu."

"To ai take bai ƙare ba. Gobe ma a buga ma Ummaru."

Ummaru ya ɗago kai. "Ba ni so. Yara a Kankia sun fara kiran Ma'aruf gagara fako. In aka buga mini, a ce na ari na mai awo?" Ya miƙe ya karkaɗe wandonsa. "Dami ɗari shida na ɗaure bana, Soja. Ina ƙirgawa ina jira."

Ya tafi. Kabo ya jawo gangar ya kifa ta a cinyarsa.

"Na ce wanda ya iya shi zai gada. Ba ka iya ba."

"Take talatin da takwas ke kaina, Baba. Wa ke gare ka bayana?"

"Babu. Gwamma gara ta ci gangar."

Da ruwa ya sauka, gayyar farko a gonar Ummaru aka yi. Aka ɗauko Kabo a kan jaki. Ya buga har aka nome kunya biyu, sai sandar kiɗa ta suɓuce daga yatsunsa. Aka miƙo masa, ta sake faɗuwa. Manu yana tsaye a bakin gona tun safe, kowa ya gan shi. Ba wanda ya kira shi. Manoma suka duƙa suka ci gaba, wani yana ba da waƙa da baki, saura suna amsawa, aikin yana tafiya da nauyi.

Da rana ta take, Haulatu ta zo da fura. Ta bi layi tana miƙa wa kowa ludayi. Da ta iso bakin gona ta tsaya, ta dubi ƙafafun Manu.

"Matsa, Soja," ta ce. "Kana taka mana shuka."