Akwatin Wutar Gidan Mama

Tun da mahaifinsu ya rasu, wutar gidan Mama ta zama aikin Tela. Shi ne babban ɗanta, kuma shagon ɗinkinsa yana bayan layinta, tafiyar ƙafa ce kawai. Akwatin wutar tsoho ne, baƙi, a kafe a lungun da ke tsakanin falo da kicin, da fis na tangaran a jere a cikinsa. Duk lokacin da aka haɗa dutsen guga da firizar da Mama take sayar da ƙanƙara a ciki, sai fis ya tsinke, sai ta kira shi. Ya ajiye almakashi ya taho, ya hau kujera, ya zaro fis ɗin, ya naɗa masa siririyar waya ya mayar. Wuta ta dawo, Mama ta sa masa albarka, ta ce ai ba zai tafi bai sha shayi ba. Nan zai zauna ta ba shi labarin unguwa kaf, wa ya tashi, wa ya tare, wa ya ƙi gaishe ta a hanya.

Wata safiya ta kira shi da wata irin murya. Tun daga ƙofa ya ji ƙaurin roba. Gefen akwatin ya narke, bangon sama da shi ya yi baƙi da hayaƙi. Wannan ya fi ƙarfin siririyar waya, don haka ya je ya ɗauko mai gyaran wutar unguwar, wanda kowa yake kira Injiniya.

Injiniya ya haska ciki da fitilar wayarsa, ya ja tsaki a hankali.

"Wannan ya gama aiki, Tela. Allah ne ya tsare, da gidan ya kama. Sai an cire shi gaba ɗaya a sa na zamani mai makunnai, a canza wayar da ta taho daga mita, a binne ƙarfe a ƙasa saboda kar wuta ta ja mutum."

Da ya faɗi kuɗin, Tela ya lissafa a ransa. Kuɗin ya isa ya sayi sabon keken ɗinki har ya yi saura. Ya ja Injiniya waje ya tambaye shi ko za a iya yin rabi yanzu, rabi daga baya. Injiniya ya ce wuta ba a yi mata rabi. A ƙarshe dai ya yarda ya yi wata dabara ta wucin gadi, fitilu da firiza su yi aiki, banda guga.

"Ki ba ni zuwa ƙarshen wata, Mama," in ji Tela. "Akwai ɗinkunan da zan miƙa. Ni zan yi. Kuma don Allah kar ki gaya wa Auta."

Auta shi ne ƙanensa, ɗan ƙarshe a ɗakin, yana aiki a wani kamfani a gari mai nisa. Tela ne ya riƙa kai shi makaranta a bayan keke, shi ya ɗinka masa rigar da ya sa ranar da ya je neman aikin. Yanzu Auta yana zuwa gida jefi-jefi, da mota, da ƙamshin turare, yana cewa "Yaya" da ladabinsa. Tela bai taɓa kama shi da wani laifi ba, kuma wannan ma yana cikin abin da yake damunsa.

Mama ta ce to. Amma Auta yana kiranta kusan kullum, ita kuwa ba ta iya riƙe labari irin wannan ba.

Ba a yi mako ba Tela ya biyo da ledar lemo zai gaishe ta, sai ya tarar da babur ɗin Injiniya a ƙofar gida, da kwalaye, da naɗin sabuwar waya ja da baƙa. An riga an ɓamɓare tsohon akwatin, yana yashe a tsakar gida.

"Wa ya ce a fara?"

"Ai ƙanenka ne ya kira ni," in ji Injiniya daga kan tsani. "Ya turo komai, har kuɗin aiki. Ya ce in sa wanda ya fi kyau a kasuwa, kar in duba tsada. Na zaci ka sani."

Mama ta fito tana gyara mayafi, ba ta kalle shi sosai ba.

"Subutar baki ce, Babba. Ya ji muryata ne ya matsa. To ai duk ɗaya ne, kai da shi. Ka huta ke nan."

"Haka ne," in ji shi. Ya ajiye ledar lemon a kan firiza.

Ya rufe shago ya tsaya a kan aikin har aka gama. Shi ya riƙe tsani, shi ya haƙa ramin da aka binne ƙarfen, shi ya kwashe ɓaraguzan siminti ya share lungun. Sabon akwatin fari ne tas, da murfi mai nuna ciki, makunnai a jere kamar haƙora, kowanne da sunansa a ƙasa: falo, ɗaki, kicin, firiza. Injiniya ya nuna wa Mama cewa in kaya suka yi yawa, makunnin zai faɗo da kansa, sai ta rage kayan ta ɗaga shi. Shi ke nan.

Da Injiniya yana haɗa kayansa, Tela ya matsa kusa da shi ya rage murya.

"Tsakaninka da Allah, waɗannan masu kyau ne? Ka san yanzu jabu ya cika kasuwa. Shi yaron bai san kan waɗannan abubuwa ba, turo kuɗi kawai ya iya."

"Babu wanda ya fi su. Ni ma a gidana ban sa irinsu ba."

Tela ya ce madalla. A ransa kuwa ya so a ce an sami ko da ɗaya mai matsala.

Daga nan akwatin ya zama abin kallo. Duk maƙwabciyar da ta shigo sayen ƙanƙara sai Mama ta ja ta lungun ta buɗe mata murfin. "Auta ne ya sa mini. Daga can inda yake, kira ɗaya ya yi." Wata rana Tela yana zaune a falo ya ji tana gaya wa ƙanwarta cewa ai tsohon nan shekara da shekaru faci kawai ake yi masa, Allah ne ya kiyaye. Ba ta kama suna ba, kuma ba da wata manufa ta faɗa ba. Shayin da ke hannunsa ya huce bai sha ba.

A gida matarsa ta lura. Ya zama mai saurin faɗa, yara suka riƙa kewaye shi.

"Baban yara, me ya same ka ne? An ɗauke maka nauyi, maimakon ka gode wa Allah."

"Wa ya ce nauyi ne? Na ce zan yi. Ƙarshen wata nawa ne da ba za a jira ni ba?"

"To kishi kake yi da ƙanenka ke nan."

"Kishin me? Yaron da na share wa majina?"

Ta yi dariya ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Shi bai yi dariya ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne wayarsa ta daina ƙara. A da ba ya cika mako bai ji Mama tana cewa, "Babba, ta ɗauke kuma." Yanzu shiru. Yana ɗinki yana kallon wayar a gefen keke. In ya je da kansa ta karɓe shi da fara'a kamar kullum, amma zuwan da aka kira ka daban yake da zuwan da ka kai kanka. Wata ranar ma tana ba shi labari tana jin daɗi, wai jiya ta haɗa guga da butar lantarki makunni ya faɗo, ta kira Auta a bidiyo ya nuna mata, ta ɗaga da hannunta.

"Ka ga na zama injiniya ni ma."

"Ai da kin kira ni, ga ni nan kusa."

"In taso ka daga aikinka saboda abin da yatsa ɗaya yake yi?"

Da zai tafi, Mama ta shiga ɗaki ɗauko masa wani yadi da take so ya rage mata. Ya tsaya a lungun shi kaɗai. Ya buɗe murfin, ya kalli makunnan. Bai shirya ba, bai ma tsaya tunani ba, ya sa yatsa ya danne wanda aka rubuta firiza. Gunjin firizar ya tsaya a kicin. Ya rufe murfin, ya karɓi yadin, ya fita.

A lissafinsa kafin la'asar za ta lura, za ta rikice, shi za ta kira. Ya zauna a shago yana jira. Sau biyu yana warware hannun riga da ya ɗinka a karkace. Ya yi niyyar komawa ya ɗaga makunnin, sai wani mai kaya ya zo ya tsare shi da rigimar aljihu har rana ta faɗi. Ya ce wa kansa ai ta gani ta ɗaga.

Ba ta gani ba, domin fitilu da fanka duk suna aiki. Washegari da hantsi masu sayen ƙanƙara suka zo ta buɗe firiza ta tarar da ruwa a leda, naman da ta ajiye ya saki har ya fara wari. Kuma ba Tela ta kira ba.

Ɗiyar maƙwabta ce ta gaya masa ana hayaniya a gidan Mama. Ya tarar da Injiniya a tsaye a lungun, gumi yana bin wuyansa, wayar Mama a kan firiza, muryar Auta tana fitowa kowa yana ji. Tela bai taɓa jin ƙanensa yana faɗa haka ba.

"Na ce maka kar ka duba kuɗi. Na ce tsohuwa ce ita kaɗai a gida. Yanzu in da ba firiza ba ce fa? In kayan banza ka sa, ka gaya mini in nemo wani ya cire."

"Wallahi kayan lafiyarsu lau," in ji Injiniya. "Na gwada firizar, na gwada wayar, ban ga dalilin da makunnin zai faɗo ba."

"To aljani ne ya kashe?"

Injiniya ya ɗago ya kalli Tela, kallo gajere, sannan ya mai da idonsa kan akwatin. Mama tana zaune a bakin kujera ta rafka tagumi, bokitin naman yana gefenta.

Tela ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Auta, ya isa haka. Mutumin nan ya girme ka. Abin wuta ne, yakan yi haka."

Sannan Auta ya ce a ba Yaya, su yi magana su biyu. Tela ya ɗauki wayar ya fita tsakar gida.

"Yaya, ka yi haƙuri, raina ne ya ɓaci." Muryarsa ta sauko. "Abu ɗaya na samu na yi mata, shi ma ga yadda ya zama. Kullum na kira ta, maganarka ce. Yayanka ya kai ni asibiti, yayanka ya gyara ƙofa, yayanka ya zauna har azahar. Ni ban da turo kuɗi me nake yi? Ko ciwo take yi ba ni take fara gaya wa ba."

Tela ya tsaya yana kallon igiyar shanya. Ya san ya kamata ya ji tausayi, ya kuma ji ɗan kaɗan. Amma abin da ya fi yawa a ƙirjinsa wani sanyi ne mai daɗi, irin wanda bai ji ba tun ranar da ya ga babur ɗin nan a ƙofa.

"Kar ka damu," in ji shi. "Ina nan. Zan riƙa dubawa."

Ya zubar da naman da kansa, ya wanke firizar, ya je kasuwa ya sayo wani ya kawo. Mama ta yi ta sa masa albarka, ya kasa haɗa ido da ita. Bai tsaya shayi ba.

Bayan kwana biyu ya je rumfar Injiniya da awon tela a wuya. Ya ce akwai wani yadi mai kyau da ya rage masa, yana so ya ɗinka masa riga, kyauta. Injiniya bai tambayi dalili ba, ya miƙe ya ware hannuwa aka auna shi. Tela yana naɗe awon sai idonsa ya sauka a kan wasu na'urori a kan kanta, masu daidaita ƙarfin wuta saboda kar ta ƙona kaya.

"Wannan, firizar Mama tana bukatarta?"

"Ba dole ba ne. Amma ba ta cutarwa. Ga ƙarama nan, ita ma ta isa, a bayan firiza ake ajiye ta."

Tela ya nuna babbar, mai fitila ja da allon lambobi a gaba.

"Waccan fa, ana iya kafe ta a bango?"

"Ana iya. Sai dai kuɗinta ya ninka."

"Ka ajiye mini ita zuwa ƙarshen wata. A falo za a kafe, inda mai shigowa zai gani. Kuma in yaron nan ya kira ka, ba mu yi wannan maganar ba."