Sauran Bakwai na Koci Braddock

Ranar da aka kira sunan ƙanena Cordell a talabijin, cewa ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta Koci Wendell Braddock ta ɗauke shi, falon Mama ya kusa tsagewa da ihu. Kawu Lemuel ya kifar da farantin soyayyar kaza bai ma sani ba.

"Braddock fa!" in ji shi, yana girgiza kafaɗar Cordell. "Yaro, ka faɗa hannu na gari. Masu jifa huɗu ya horar, duk huɗun sun ɗaga kofi. Ko ni ya samu da wannan tumbin, da ya mai da ni mutum."

"Haba Kawu, kai da ko makulli aka ce ka jefo sai ya faɗa miya," in ji Cordell.

Ni ban yi ihu ba. Shekara tara ina aikin jinya a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa a asibitin garinmu, a Ohio. Na kuma san aikin mai jifa. Shi ake miƙa wa ƙwallo, ya tsaya yana neman wanda zai jefa wa, ƙarti huɗu ko biyar suna rugowa su murƙushe shi.

Washegari na bi tarihin mutumin. Masu jifa goma sha ɗaya ne suka bi ta hannunsa cikin shekara ashirin. Huɗu kowa ya san su. Sauran bakwai ba mai ambatarsu. Da ƙyar na samo lambar ɗaya, Royce Tillery. Matarsa Marlys ce ta ɗauka, da na faɗi dalilina ta ce in zo da safe, don lokacin ya fi samun kansa.

Tafiyar awa biyu ce a mota. Na same shi zaune a baranda, ƙato, bai cika arba'in ba, sanye da baƙin tabarau saboda haske na sa masa ciwon kai. Ya karɓe ni da fara'a.

"Koci uba ne a wurina," in ji shi. "Kin ga, kowane mai jifa idonsa biyu ne, ɗaya kan abokin da zai jefa wa, ɗaya kan wanda zai buge shi. Koci yana kashe maka na biyun. Daga nan ka zama ɗan wasa." Ya yi murmushi, ya dube ni. "Wa kika ce sunanki?"

"Lavonne."

Karo na uku ke nan da na faɗa masa.

Marlys ta rako ni mota. "A wasansa na ƙarshe sau biyu ya faɗi, ya tashi yana layi," in ji ta. "Koci ya tambaye shi, za ka iya? 'Yar'uwa, wane ɗan shekara ashirin da shida ne zai ce a'a, mutum dubu sittin suna kallonsa?"

Ban yi nisa ba na tsaya a gefen titi, na kashe motar.

Da na ba Cordell labari, dariya ya yi. "Yaya Lavonne, kin fara ko? Ke kowa kika gani majinyaci ne."

A watan Agusta aka buɗe filin atisaye ga iyalan 'yan wasa. Na tsaya a bakin ƙofa har Braddock ya fito. Na zaci zan ga mutum mai tsawa. Sai ga ɗan dattijo siriri mai furfura, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Koci, ni yayar Cordell Haskett ce. Na je wurin Royce Tillery."

Ya tsaya cak. "Yaya jikinsa?"

"Ba ya riƙe sunan mutum na minti biyar."

Ya sunkuyar da kai. "Royce ya fi huɗun nan duka hannu," in ji shi.

"Ba abin da ya kawo ni ke nan ba."

"Na sani." Ya ɗago kai. "Ƙanenki yana da tsoro a ƙafarsa. In ya ji suna zuwa, yakan ja da baya. Aikina in cire masa shi, baiwar Allah. In ban cire ba, shekara biyu za a sallame shi."

Ya faɗi haka ba fushi, ba kunya. Da ya yi mini faɗa, da na fi samun sauƙi.

A mako na shida da fara gasa babban mai jifan ƙungiyar ya karye a ƙafa, aka ba Cordell gurbinsa. Ranar Lahadi da rana muka zauna a filin, ni da Mama da Kawu. Tun daga farko na ga ya canza. Ba ya ja da baya. Yakan tsaya har sai sun kusa taɓa shi, sannan ya saki ƙwallo. Jama'a na ta kiran sunansa.

Bayan hutun rabin lokaci ya yi wata doguwar jifa. Ban ga inda ta sauka ba. Abin da na gani wani ƙato ne ya fito ta bayansa, ya ɗaga shi, ya maka shi da ƙasa. Kansa ya bugi ciyawa ya dawo sama. Filin ya ɓarke da murna saboda ɗan wasanmu ya cafke ƙwallon. Cordell yana kwance.

Mama ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga. "Lavonne, yana motsi? Gaya mini, ni ba na gani."

"Yana motsi, Mama."

Ya tashi, ya nufi ɓangaren abokan hamayya. Wani ɗan wasanmu ya kamo rigarsa ya juyo da shi.

Braddock ya tare shi a bakin layi, ya matso da fuskarsa yana yi masa magana. Cordell yana gyaɗa kai da ƙarfi. Na san tambayar da ake yi masa: za ka iya? Na miƙe ina ihu kada a mai da shi, amma ko na kusa da ni bai ji ba.

Sai Braddock ya sa hannu biyu ya cire hular kwanon da ba a shiga fili sai da ita daga kan Cordell, ya miƙa wa mataimakinsa, ya juya baya. Likitoci suka shiga da shi ciki. Aka ci mu da maki uku.

A mota Kawu ya ce, "Ba tausayi ba ne, ƙa'ida ce. Ko bai cire shi ba, likita zai cire." Wataƙila gaskiyarsa. Marlys ta kira ni da yamma, ta ce ta kalla, ta yi kuka, ba ta san ko na murna ba ne ko na baƙin ciki.

Mako biyu Cordell bai ɗauki wayata ba, wai ni na je na sa wa Koci baki. A na uku ya zo gidana da kansa, ya zauna a kicin yana juya kofin shayi.

"Yaya, jifar nan da kowa ke yabo," in ji shi, "ban tuna ta ba. A bidiyo na gan ta."

"Ka gaya wa likita?"

"Koci na fara gaya wa. Shi ya kai ni wurin likitan, ya ce in ƙara hutun mako guda."

"Bayan makon fa?"

"In an duba ni lafiya, zan shiga."

An duba shi ranar Alhamis, sun ce lafiya. Jibi zai buga. Mama ta ce ita a coci za ta wuni, don haka ni da Kawu ne za mu je.