Ƙafa Biyar

"Tef ɗin nan ya saki, Tela. Ɗauko sabo."

Gajere ya dubi tef ɗin da ke rataye a wuyansa. Shekara tara yana auna mutanen Talata Mafara da shi, ba a taɓa dawo masa da riga ba. Amma bai yi musu ba. Ya tsallaka shagonsa, ya ɗauko sabon da bai ko warware ba, ya dawo zauren maƙwabcinsa.

Malam Tukur Mai Hoto yana jingine da bango, an sa masa matashi a baya. Kwana goma sha ɗaya ke nan bai fita ba. Ƙafafunsa sun kumbura, in ya yi magana mai tsawo sai ya tsaya ya nemi numfashi. A gabansa kan tabarma ya jera hotuna ashirin da biyu.

Na mutanen Tungar Sambo ne, wani ƙauye a bayan Maradun da ruwan dam ɗin Bakolori zai cinye. Mai garin, Bappa Sambo, shi ya roƙe shi ya ɗauki kowane magidanci da iyalinsa a ƙofar gidansu kafin a tashi. Malam Tukur ya je ya ɗauka. Da aka wanke, sai ga bangon kowane gida ya fito tar, har ana ganin sawun yatsun mai yaɓe, amma fuskokin mutane dishi-dishi. Labari ya zaga kasuwa cewa idon Mai Hoto ya tafi. Ranar Asabar kuwa motoci za su kwashe mutanen Tunga. Yau Laraba.

"Duba da kyau," in ji Malam Tukur. "Mi ka gani?"

"Bango ya yi kyau, Malam."

"Duk ashirin da biyun?"

"Duka."

"To. In idona ne, da wani ya ɓace gaba, wani baya. Ido ba ya kuskure iri ɗaya sau ashirin da biyu. Ƙarfe ne ka yin haka."

Ya tuna ranar da abin ya faru, kafin zuwansa Tunga. Yana dawowa daga Bakura babur ya zame da shi a bakin kwalbati, jakar kyamara ta bugi siminti. Ya duba gilashi, bai fashe ba, sai ya yi hamdala ya wuce.

Ya miƙa wa Gajere kyamarar. Baƙa ce, gefunanta sun goge har tagulla ta fito. "Leƙa ƙaramar tagar. Akwai ɗan tabo rawaya a tsakiya. Nufi tankin ruwan kamfanin dam, can nesa. Murɗa gilashin har ya tsaya."

Gajere ya tsaya a bakin zaure ya leƙa. "Tanki biyu nike gani. Sun kusa haɗewa, amma ba su haɗe ba."

"Tazarar nawa?"

"Awa kaurin zare."

"Zaren ɗinki ko na saƙa?"

"Na ɗinki."

"Ka ji amfanin tela."

Ya karɓa, ya kwance gilashin daga jikin kyamarar. A ciki akwai ɗan hannu na ƙarfe mai ƙaramar taya a bakinsa. Ita gilashin ke turawa in an murɗa shi, in ji shi, ita kuma ta juya madubin da ke haɗa hoton nan biyu. In ta gota da kaurin gashi, taga za ta ce an daidaita, fim kuwa ya ga wani abu dabam. Ya ciro ɗan sukurdireba irin na masu gyaran agogo daga gwangwanin taba. Ya gwada murɗa tayar da shi. Sau biyu bakin yana zamewa. Sai ya ajiye, ya dubi Gajere.

"Kai za ka murɗa."

"Ni ban taɓa ba, Malam. In na ɓata fa?"

"Ta riga ta ɓaci. Kaɗan za ka taɓa, awa mai ɗaure zaren ƙasa na keke."

Sau huɗu suna yi. Gajere ya murɗa, a mayar da gilashi, ya fita ya leƙi tanki, ya dawo. A na uku ya zarce, tankunan suka rabu ta ɗaya gefen. A na huɗu suka zama ɗaya.

"An gama ke nan," in ji Gajere.

"Nesa anka gama. Mutanen Tunga ba nesa za su tsaya ba." Ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. "Hindu, ina takardar ƙosan safe?"

Matarsa ta miƙo ta daga bayan labule. "Ga kunu tun ɗazu ka ƙi sha, sai takarda."

Mai ya jiƙa takardar har haske yana ratsa ta. Malam Tukur ya sa aka ɗora kyamarar kan turmi, aka buɗe bayanta, aka shimfiɗa takardar daidai inda fim ke kwanciya, aka bar idon kyamarar a buɗe. Ya kama bakin sabon tef ya dafa a ƙarƙashin idonsa, Gajere ya ja ɗaya bakin har kan takardar. Inci sittin, ƙafa biyar cif. Gajere ya leƙa taga ya murɗa har fuskar maƙwabcinsa biyu ta zama ɗaya, ya duba lambar jikin gilashin: biyar. Sannan ya lulluɓa da babbar riga ya dubi takardar ƙosai.

"Ga ka nan kai a ƙasa, Malam."

"Haka take nuna kowa. Gashin gira fa?"

"Ina iya ƙirga su."

Malam Tukur ya rufe ido na ɗan lokaci. Da ya buɗe sai ya ce a sa fim. Ya daidaita lambobi biyu na haske da kansa, ya ce kada a taɓa su, a yi aikin da hantsi. "Ɗauki guda na gwaji tukun, kada mu motsa komai." Gajere ya danna.

Washegari, Alhamis, bayan azahar, Gajere yana kan keken ɗinki ya ji salati daga cikin gidan. Kafin la'asar ta yi sanyi an kai Malam Tukur. Mutane sun taru fiye da yadda Gajere ya zata. Da yawansu hoton katin aikin dam da ke aljihunsu shi ya ɗauka.

Ranar Juma'a da safe aka shimfiɗa tabarmin makoki. Gajere ya zauna kusa da ƙofa yana amsa gaisuwa, don mamacin bai bar ɗa namiji a gari ba. Yana ta lissafin awannin da suka rage kafin motocin Asabar, ga hotunan Tunga ba a sake ɗauka ba, amma bai ga yadda maƙwabci na ƙut da ƙut zai tashi daga zaman kwana ɗaya ba. Can sai labule ya motsa, jakar kyamara ta fito a hannun Hindu.

"Baban Taiba," ta kira Gajere a hankali, ba ta leƙo ba. "Malam ya ce in anka zauna, kai kada ka zauna."

Wani dattijo ya ɗaga kai. Gajere ya sa takalminsa.

Ya isa Tungar Sambo rana ta ɗan ɗaga. An riga an sauke jinkar wasu ɗakuna, ruwa yana ƙyalli a gonakin gangare. Bappa Sambo ya yi masa ta'aziyya mai tsawo, sannan ya dubi tef ɗin wuyansa.

"Yanzu tela anka aiko muna?"

"Shi Malam ya gyara kyamarar, Bappa. Ni dannawa ce tawa."

Gida gida ya bi. A kowane gida sai ya jira fuska biyu ta zama ɗaya kafin ya danna.

Bayan mako biyu hotunan suka dawo daga wanki a Gusau. Gajere ya buɗe ambulan a kan teburin yanka. Fuskokin mutanen Tunga sun fito raɗau, har tsagar kumatun tsofaffi, bangon bayansu ya ɗan lafa. Ya ware su don kai wa Bappa a sabon matsuguni.

Na farkon, na gwajin nan, ya ajiye gefe. Shekara talatin Malam Tukur yana ɗaukar mutane, ba a sami hotonsa ko ɗaya a gidan ba. Da yamma Gajere ya yi sallama a zaure, ya miƙa ta bayan labule. Hindu ta karɓa.

A hoton, Malam Tukur yana jingine da matashi, yana duban gilashin kai tsaye. Yatsunsa biyu sun dafe bakin tef a ƙarƙashin ido, lamba ɗaya ta fito tar, sauran lambobin suna narkewa yayin da tef ɗin ke tahowa wajen mai kallo.