Hannuwan 'Yar Ƙwai

Tela ya cafke hannun yarinyar tun kafin ya kai wuyanta, ya mayar da shi kan cinyarsa ya danne a hankali. Bas ɗin ta cika maƙil, tagogi rabi a rufe, ga zafi, kuma duk duniya 'Yar Ƙwai ba ta da abokin gaba irin zafi. Da zarar gumi ya sauka a wuyanta da lanƙwasar hannuwanta, sai kircin ya motsa, ta hau mutsu-mutsu tana neman abin da za ta goga jikinta da shi.

"Yi haƙuri, mun kusa," in ji shi, yana hura mata iska a wuya.

Ƙarya yake yi, ko rabin hanyar asibiti ba su ci ba.

Shekarunta biyu da ɗoriya, kuma tun tana jaririya take fama da wannan ciwon fata. Sunan ma daga nan ya samo asali, don a gidansu lallaɓa ta ake yi kamar ƙwai a cokali. Ba a yi mata wanka da sabulu mai ƙamshi, ruwan kuma ba zafi ba sanyi, a tsane ta da tawul ba tare da gogawa ba, a shafe ta da mai tun jikin yana da danshi. Kayan sawarta duk shi ya ɗinka, farin yadin auduga mai laushi, haɗin ɗinkin ta waje don kada ya ci mata fata, wanda bai sani ba sai ya rantse a baibai aka sa mata riga. Ya kuma ɗinka mata 'yan jakunkuna biyu da ake zura mata a hannu a ɗaure a wuyan hannun, domin komai gajartar farcenta, in ta samu sarari sai ta yi wa kanta jina-jina.

Da safiyar nan suka tashi suka ga wuyan nata yana tsattsafo da ruwa rawaya, jikin kuma rau da zazzaɓi. An taɓa gaya musu a asibiti cewa ranar da suka ga haka kada su tsaya jiran komai. Matarsa tana kwance, ba a daɗe da yi mata aikin haihuwa ba, ko miƙewa sai an kama ta. Don haka ya rufe shago, ya saɓi yarinya ya fita.

Matar da ke gefensa wata dattijuwa ce mai jiki, ta sha leshi mai kaushi, turarenta kuwa ya riga ta shigowa motar. Tela ya san abin da turare ke yi wa fatar 'yarsa, sai ya riƙa janye ta yana juya mata baya. Shi yana kare 'yarsa ne. Ita kuwa Hajiya abin da ta gani daban: namiji shi kaɗai da yarinya mai kuka, hannuwa a ɗaure, riga a baibai, yana ɓoye mata fuska.

"Malam, me ya sa aka ɗaure mata hannu?"

"Ciwon fata ne, Hajiya. Don kada ta sosa."

"Ina uwarta?"

"Tana gida, ba ta jin daɗi."

Hajiya ba ta gamsu ba. Can ta leƙo ta kan kafaɗarsa, ta sassauta murya.

"'Yan mata, wane ne wannan ya ɗauko ki?"

'Yar Ƙwai ta ɗago jajayen idanunta ta dube ta. "Tela."

"Babanki ne?"

"Tela ne," in ji yarinyar, ta ɗaga hannuwan biyu tana kuka. "Cire, cire."

Nan take Tela ya gane inda aka dosa. A ƙarƙashin keken ɗinki yarinyar nan ta yi rarrafe, kullum abin da take ji a bakin masu shigowa shi ne "Tela, ina kayana?" Da bakinta ya buɗe sai ta ɗauka. Shi dariya abin yake ba shi, har yana amsawa da "Na'am, gobe ki dawo." Matarsa ce ke cewa wata rana sai yarinyar nan ta kunyata shi a gaban baƙi. Ashe kunya ma da sauƙi.

"Haka take kira na," in ji shi, yana ƙoƙarin murmushi. "'Yata ce. Ni tela ne, shi ya sa."

Ba wanda ya taya shi murmushin. Hirar da ake yi a bayan mota ta mutu. Wani ƙato mai jar hula da ke tsaye a bakin ƙofa ya bubbuga rufin motar da tafin hannu.

"Direba, tsaya. Akwai magana."

Aka faka a gefen titi kusa da masu faci. Kafin Tela ya gama sauko da ƙafarsa ta biyu, Hajiya ta fizge yarinyar ta rungume ta a ƙirji, ta manna wuyan nan mai ciwo da leshinta. Ya miƙa hannu, mai jar hula ya tare shi da ƙirji.

"Don Allah, Hajiya, kada kayanki su goge ta. Asibiti za mu."

"Ji shi fa," in ji wata daga cikin mota. "Asibiti, da yarinya a ɗaure kamar kazar kasuwa."

Mutane suka fara taruwa, ba ka san ta inda suke ɓullowa ba. Masu faci suka bar aikinsu, ɗaya da ƙarfen cire taya a hannu, wataƙila mantawa ya yi bai ajiye ba. Tela ya ji kalmar ta fara yawo daga baki zuwa baki, ƙasa-ƙasa: ɓarawon yara. Ya san abin da taro ke yi wa wanda aka laƙaba wa wannan suna, ya kuma san ba a jiran 'yan sanda. Tsoro ya kama shi. Amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, in suka kwantar da shi a nan, wa zai gaya musu abin da ba a shafa mata?

"Ga wayata," in ji shi. "Ku kira uwarta. Lambar farko ce."

Mai jar hula ya karɓa, ya kira, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Da ma mai hankali ne ya yi tambayar, da magana ta ƙare a nan.

"Baiwar Allah, kina da ƙaramar yarinya? Mun kama wani mutum da ita a mota, an ɗaure mata hannu."

Me mace mai ɗanyen jego za ta fahimta, baƙuwar murya a wayar mijinta? Kalmar "kama" kawai ta ji.

"Wayyo 'yata! Wa ya ɗauke min ita? Ina babanta?"

Tela ya buɗe baki zai ɗaga murya, sai ya ji saukar mari ta gefe, bai ma ga mai hannun ba. Wayar ta faɗi, hayaniya ta rufe komai. Wani ya shaƙe wuyan rigarsa, wani ya kai masa naushi a baki, ya ji ɗanɗanon jini. Bai rama ba, bai ko kare fuskarsa ba, don idonsa na kan Hajiya, wadda ta tsuguna tana kwance igiyar hannun yarinyar da haƙori.

"Kada ki cire," in ji shi. "Hajiya, don girman Allah kada ki cire."

Ta cire. Ta yar da jakunkunan biyu a ƙasa, ta ɗaga hannuwan yarinyar don jama'a su shaida an 'yantar da ita.

'Yar Ƙwai ba ta ɓata lokaci ba. Yatsu goma ta kai wuyanta ta hau karta da iya ƙarfinta, idanu a rufe, haƙora a datse. Ɓawon da ya daskare ya ɗaye, jini da ruwan ciwo suka gangaro kan farar rigar. Ta ja hannun rigar sama ta koma lanƙwasar hannunta, nan ma fatar ta fito fili, ja, a tsattsage, tana naso.

Waɗanda ke gaba suka ja da baya suna taka na bayansu.

"Innalillahi. Wannan wace irin cuta ce?"

"Ƙazuwa ce."

"Wace ƙazuwa, wannan ta wuce ƙazuwa. Ku matsa, ɗauka ake yi."

Hajiya ta dubi gaban leshinta, ta ga tabon jini da ruwa. Ta dire yarinyar a ƙasa da sauri, ta ja baya tana kakkaɓe ƙirji da gefen mayafi, tana tambayar wa ke da ruwa. Ɗazu kowa uban yarinyar ne, kowa uwarta. Yanzu ga ta tsaye ita kaɗai a tsakiyar fili, ƙafa ba takalmi, tana kuka tana yagar jikinta, an kewaye ta amma ba mai matsowa.

Hannun da ya shaƙe shi ya saki. Tela ya durƙusa a gabanta, ya haɗa hannuwanta biyu cikin tafinsa ɗaya, ya ɗauke ta ya kwantar da kanta a kafaɗarsa, wuyan nan mai jini ya manne da kumatunsa. Da ɗaya hannun ya riƙa bubbuga mata wurin a hankali, yana hura iska, kamar yadda yake yi mata kullum in ƙaiƙayin ya hana ta sakat. Kukan ya fara sauka, ya koma shessheƙa.

Direban, wani tsoho, ya tsinto wayar ya share ta da rigarsa ya miƙa masa.

"Ku watse, jama'a," in ji shi. "Wanda ya sato ba ya ɗaukar wannan haka."

Ba wanda ya ba da haƙuri. Mai jar hula ya dubi agogonsa kamar wanda ya tuna yana sauri. Suka koma mota ɗaya bayan ɗaya, da Tela ya nufi ƙofa sai matan ciki suka ce su fa da yara a gida, ba za su zauna da cuta ba. Direban ya sunkuyar da kai ya tayar da mota. Jakunkunan hannun suna nan a ƙasa, an tattake su har ba a gane farare ne.

Da ƙafa ya ƙarasa, yana bin inuwar shaguna, wayar a maƙale a kunnensa yana rantse wa matarsa cewa shi ne, ga yarinya a kafaɗarsa, ta saurari numfashinta ta ji.

A asibiti wata nas mai gilashi ta wanke ciwon, ba ta ko yamutsa fuska ba. Likita ya ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga ta inda aka sosa, gara da aka zo yau. Ya ce kirci dai ba a ɗaukarsa a jikin wani, ko a gado ɗaya ake kwana. Ya rubuta maganin sha da na shafawa, ya nuna yadda za a shafa kaɗan-kaɗan.

"Amma fa duk aikin banza ne in ta ci gaba da sosawa," in ji shi. "A rufe mata hannu, dare da rana, har ya kame. Ko sau ɗaya ta sake yaga wurin nan, kwantar da ita za mu yi."

"To, likita."

"Kai kuma me ya sami bakinka?"

"Ƙofar mota ce."

Rana ta take sosai lokacin da suka fito. Ya tsaya a wurin jiran mota, ledar magani a rataye a yatsa, yarinyar ta yi laushi a jikinsa. Gida da nisa, ba zai iya sake takawa da ita a wannan rana da zazzaɓi a jikinta ba. A aljihun wandonsa akwai wasu jakunkunan biyu, wankakku, don ba ya fita da ita sai da na canji. Tun daga ɗakin likita yake jin su a cinyarsa, ya kasa fito da su.

Ya ce a ransa zai riƙe mata hannuwan kawai har su isa, ba wanda zai lura. Amma ya san ƙarya ce. Zai saki ɗaya don ya kama ƙarfen ƙofa, zai saki don ya sallami kwandasta, kuma ita ƙiftawar ido ta ishe ta.

Bas ta taho, cike da mutane, fuskoki a kowace taga. Leɓensa da ya kumbura ya hau zugi. Ya ji hannun yarinyar ya zame daga nasa ya fara hawa kan ƙirjinta.

Ya tsuguna a nan bakin titi, a gaban kowa, ya ɗora ta a gwiwarsa. Ya zura mata na dama, ya zura na hagu. Yatsun nan da ke zura zare a allura ba tare da dubawa ba sai da suka kasa ɗaurin farko. Ya sake, ya ɗaure, ya gwada da ɗan yatsa ya tabbatar bai matse ba.

Ya shiga ya sami gefen kujera kusa da ƙofa. Matar da ke gaba ta waiwayo, ta dubi hannuwan yarinyar, ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"Cire," in ji 'Yar Ƙwai, cikin muryar barci.

"A'a," in ji shi. Ya gyara mata zama a cinyarsa, mota ta tashi.