Kalmar da Ta Maƙale wa Anti

Sandarta ce ta riga ta hawa dandamali, sai ƙafar hagu, sannan ta dama ta biyo baya tana ja. Matasan da suka cika zauren ɗakin karatun suka miƙe suna ƙyasta yatsu, wasu na ihun "Anti! Anti!" A hannunta yawancinsu suka koyi tsayawa gaban jama'a su zubo baiti da ka, kafin shanyewar ɓarin jiki ta ƙwace mata magana bara.

Mijinta, wani makanike mai surutun tsiya, yana layin gaba ya ƙanƙame jakarta. Tun da ta fara kama kalmomi ɗai-ɗai, bawan Allahn nan bai taɓa barin ta kai ƙarshen zance ba. In ta ce "Miƙo min..." ya ce "Ruwa?" Ko a asibiti shi ke amsa tambayoyin da ake yi mata, har likita ta taɓa fitar da shi waje. So ne, babu shakka, amma irin mai shaƙe mutum.

Shi ya sa ɗazu a mota, kafin su shigo, ta riƙe masa hannun riga.

"Malam, yau... ko zan kwana a tsaye... kada ka..."

"Ƙarasa miki?"

Ta harare shi, ya kama bakinsa.

"In ka yi, na bar waƙa. Har abada."

Yanzu a kan dandamali, ta gyara makirufo ta fara, muryar a hankali, tana ɗan karkacewa:

"Harshena ya tafi yawo bai yi min sallama ba,
Ya bar min baki kamar gidan da aka tashi.
Na share ƙofa, na shimfiɗa tabarma,
Na zauna ina..."

Shi ke nan, ta tsaya. Leɓenta ya motsa, babu abin da ya fito.

Jiransa! Kalmar ke nan, makanike ya san ta kamar sunansa, don a kicin ya sha jin baitin tana maimaitawa. Ga ta nan a kan harshensa tana ƙuna. Zauren ya yi tsit, har ana jin ƙarar fanka. Wata budurwa ta sunkuyar da kai. Gumi ya tsattsafo wa Anti a goshi.

Wani mai tabarau kusa da shi ya ɗaga hannuwa zai fara tafi, wai ya fitar da ita kunya. Makanike ya cafke masa wuyan hannu da irin riƙon da yake yi wa sifana.

"Bari," ya ce ƙasa-ƙasa. "Matata ce. Tana zuwa."

Ya cusa hannun jakar a baki ya dantse. Wallahi bai taɓa aikin da ya ba shi wuya irin wannan shirun ba.

"...ji... jiransa," in ji Anti.

Ta ja numfashi, ta ɗaga kai:

"Ya dawo yana ɗingishi, ƙafa duk ƙaya.
Na ce shigo, ɗan nema, ai gidanka ne."

Zauren ya ɓarke. Aka manta da ƙyasta yatsu, aka koma tafi da buga kujeru. Ta kai waƙar har ƙarshe ita kaɗai. Makanike yana tsaye yana hawaye shaɓe-shaɓe, yana gaya wa duk wanda ya kalle shi cewa matarsa ce, kamar akwai wanda bai sani ba.

A bakin matakala ya miƙa mata hannu. Tafin hannunta sharkaf da gumi.

"Sannu. Kai, amma kalmar nan ta ba ki wuya."

"Wa? Ni?" Ta ɗan huta, shi kuwa ya jira. "Ban maƙale ba. Kai nake... gwadawa."

Ya dubi hannun da ya jiƙe da gumi cikin nasa.

"Haka ne," ya ce. "To, na ci?"

"Da ƙyar."