Shari'ar Ƙarshe ta Baba Lauya

Injiniya, ɗan Baba Lauya, yana cikin cusa jakar magunguna a bayan mota, 'Yar Gardama ta sauko daga tasi, takardun ogan ofishinsu a hammata. Ko ƙofar gidansu ba ta kai ba, Gwaggo, ƙanwar Baba Lauya, ta leƙo ta tagar gidan maƙwabta ta yafito ta.

"Zo nan, 'yar nan. Tun azahar yayana yake cewa a kira masa lauyansa. Na ce wane lauya kuma, ya ce ke."

Ɗakin Baba Lauya yana nan yadda ta san shi. Gado a jikin taga, littattafan shari'a sun lanƙwasa katakon kanta, baƙar rigar kotu a rataye ta koɗe ta koma ruwan toka. Tsohon ne kawai ya canja. Mutumin da muryarsa take tsallake katanga ta tashi barci, yau sai da ta sunkuya kafin ta ji shi.

"Ɗana zai kai ni wani babban asibiti mai nisa. Likitocin nan sun gama magana, sun ce sai maganin rage ciwo. Ni a nan nake so in ƙarasa. Na faɗa masa, ya ce ciwo ne ke magana, ba ni ba." Ya ja numfashi. "Na ɗauke ki lauya."

Ita kanta tana goyon bayan Injiniya. Da za a ba ta dama, da goya tsohon za ta yi ta kai shi motar.

"Baba, ni ma fa so nake ka je."

"Wa ya tambaye ki abin da kike so? Jawo kujerar."

Kujerar katako ce mai dogon baya, kuma ba don zama ake jawo ta ba. Tun tana 'yar makaranta ya ji ta ta katanga tana ja-in-ja da mahaifiyarta a kan wankin kwano, ya laƙaba mata sunan da ya bi ta har yau, ya kira ta ya tsayar da ita a bayan kujerar nan. Dokarsa ɗaya ce: ba za ka faɗi hujjarka ba sai ka fara tsaya wa abokin gabarka, ka faɗi tasa har shi da kansa ya ce bai iya faɗinta haka ba. A bayan kujerar ta kare akuyar da ta cinye masa furanni. A nan ta yi kuka da ta faɗi jarrabawar shiga karatun lauya, ya bari ta gama, sannan ya ce ta tashi ta kare waɗanda suka kayar da ita. Ta kare su har ta gano inda ta yi sakaci, shekarar da ta biyo ta samu shiga. Yanzu ga ta lauya, amma maganar gaskiya, ba ta taɓa buɗe baki a gaban alƙali ba sai don roƙon a ɗage zama. Jaka take riƙe wa oga.

Injiniya ya shigo yana kaɗa makulli. "Baba, yamma na yi. Ke kuma ƙanwata, taya ni mu kama shi."

"Yaya, ka yi haƙuri. Ya ɗauke ni lauya."

"Wasan yara za ku yi mini da ran ubana?"

"Zauna," in ji Gwaggo. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta hakimce a bakin akwati. "Ni na yi jinyarsa, ni zan yanke. Wanda bai yarda ba ya ɗaukaka ƙara zuwa lahira."

'Yar Gardama ta kama bayan kujerar.

"Ya mai shari'a, zan fara da ɓangaren Yaya."

Ta ce wannan mutumin da ke kaɗa makulli ba taurin kai ne da shi ba, tsoro ne. Lokacin da mahaifiyarsa ta rasu a ɗakin nan yana can wurin aiki, bai riske ta ba, kuma har yau yana ganin da yana nan da ya kai ta wani wuri. Ta ce likita mutum ne, yana kuskure. Ta ce idan aka bar tsohon a gida, Yaya ne zai rayu da tambayar nan ta ko da na kai shi, ba wanda ya tafi ba. Ɗa ba ya neman komai sai a bar shi ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma ba a taɓa hukunta mutum don ya ƙi sakin hannun ubansa ba.

Makullin ya daina ƙara. Injiniya ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa na rawa. Gwaggo ma tana share ido da bakin mayafi. Sai yarinyar ta tsorata, don ta ga alamar ta kayar da wanda ya ɗauke ta aiki. Ta dubi gado. Tsohon ya lumshe ido yana gyaɗa kai, kamar mai jin daɗin shayi.

"Yanzu namu," ya ce.

Ba ta shirya komai ba. Ta dubi tagar, ta faɗi abin da ta sani.

"Ya mai shari'a, wannan bawan Allah ya ƙare rayuwarsa yana magana a madadin mutane. Yau ya yi magana ɗaya a madadin kansa, aka ce ciwo ne. Hankalinsa garau yake, yanzu ya gyara mini tsayuwa da ido. A can za a sa shi a ɗakin da ba taga, a ba Yaya 'yan mintuna ya leƙa shi ta gilashi. A nan yana jin mai kanti yana buɗe ƙofa, yana jin keken ɗinkin mahaifiyata ta katanga." Ta juya ta dubi Injiniya. "Yaya yana tsoron kada a yi babu shi, kamar wancan karon. To, a ɗakin nan ne kaɗai ba wanda zai ce masa lokacin ziyara ya ƙare. Ni ma ba na so ya tafi. Amma tafiyar tasa ce."

Gwaggo ta dubi ɗan yayanta, shi kuwa ya ɗora makullin a kan kanta a hankali.

"A sauke kaya," in ji Gwaggo.

A nan ne abin da har yau suke ba da labarinsa ya faru. Mutumin da sai an tallafe shi yake shan ruwa ya dafa ƙarfen gado, ya zuro ƙafafu ƙasa. Injiniya ya zabura, tsohon ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi. Ya miƙe, ya tsaya cak da tsawonsa duka har kansa ya kusa taɓa rigar da ke rataye. Ya rusuna wa ƙanwarsa, yadda lauya ke yi idan alƙali ya yanke hukunci.

"Mun gode wa kotu."

'Yar Gardama ta ga ta rusuna ita ma, ba ta san lokacin da ta yi ba.

Da suka kwantar da shi ya ce mata, "Kin yi sauri a tsakiya. Alƙali yana rubutu, ki riƙa jiransa."

Bai kai ƙarshen mako ba. Da hantsi ya cika, taga a buɗe, kansa a cinyar ɗansa, keken ɗinki yana ta aiki a bayan katanga.

Bayan an watse daga zaman makoki, Injiniya ya yi sallama a gidan su 'Yar Gardama da kujerar a kafaɗa. Ya ajiye a tsakar gida, ya juya. Ta tsaya a bayanta ta ɗora hannu. A wuri biyu katakon ya goge ya yi santsi, fentin ya tafi. Sai ranar ta lura gurbin ya fi tafin hannunta faɗi, na hannun tsohon ne.