Maɗaurin Gashin Iman

Batulu ta sa haƙori ta farke ƙugun tsohon wandon mijinta, ta zaro robar da ke ciki. Ta ja ta, ta saki, ta ga da sauran ƙarfinta. Mijin nata, Gado, ba zai nemi wandon ba, yana can Gedambaliya wajen yankan dawa. In ma ya dawo ya nema, sai ya ɗaura igiya.

Ƙyallen kuwa ragowar rigar sallar Iman ne, shuɗi mai ƙananan furanni. Ta ninka shi a baibai ta bi gefensa da allura cikin sauri.

Iman ita ce 'yarta, shekararta bakwai, tana kwance a asibiti da kala'azar, cutar nan mai kumbura saifa ta tsotse yaro. Kullum ana yi mata allura, amma likita ya faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa in yarinyar ba ta ci abinci ba, jikinta ba zai ɗauki maganin ba. Ita kuwa ta datse baki, an yi lallashi, an yi tsawa, duk a banza. Sai da safen nan ta ga yarinyar gadon kusa da ita da maɗaurin gashi mai tattara, ta ce wa uwarta, "Yumma, in kin ɗaura mini irin wancan a gashina, zan sha nasha." Kunun dawa ke nan, mai ruwa-ruwa. Batulu ba ta jira ta maimaita ba, ta bar ta wajen surukarta Atine ta nufo gida.

Gashin nan shi kaɗai cutar ta bar wa Iman. Kumatu sun tafi, ƙafafu sun koma kamar karan dawa, amma kitsonta na nan har kafaɗa. Batulu ta san kaurinsa a tafin hannunta, don haka ta yanka robar daidai zagaye biyu. Ta juya ɗinkin da kibiyar kitso, ta zura robar, ta ƙulle, ta rufe bakin. Ƙyallen ya tattaru ya yi kyau, har ta ji murmushi na neman zo mata.

Ta tari raksha, keken haya mai ƙafa uku. Suka kutsa ta tsakanin manyan motocin riɗi, suka wuce makarantar da 'yan gudun hijira suka shanya kaya a tagoginta.

Da ta shiga ɗakin yaran, sai da ta wuce gadon ta dawo. Wanda ke kwance a kai wani ɗan ƙwalƙwalallen kai ne mai manyan kunnuwa. Atine na zaune a gefe tana naɗe reza a takarda.

"Inna," in ji Batulu, "me ya sami kanta?"

"Jikin ya ɗau wuta bayan fitarki," in ji tsohuwar. "A gashi zazzaɓi ke maƙalewa, 'yata. Haka na yi wa ubanta a Hawata, kwana biyu ya tashi. Khalas, shi ke nan, yanzu iska za ta shiga."

Idanun Atine sun yi jawur, ita ma kuka ta sha. Batulu ta ji kamar ta kurma ihu, amma wa za ta yi wa? Uwar miji ce, kuma da ƙauna ta yi ɓarnar. Ta haɗiye, ta dunƙule hannunta a bayan mayafi.

"Yumma, kin kawo?" in ji Iman.

Ba yadda za ta yi, ta buɗe hannun. Yarinyar ta karɓa ta kai kanta, yatsunta suka taɓa fata zalla. Ba ta yi kuka ba, ƙarfin kukan ma babu. Batulu ta yi maza ta zura mata shi a wuyan hannu, ta ninka biyu, amma da Iman ta ɗaga hannun sai ya sulale har gwiwar hannu.

"A gashi na ce," in ji Iman.

Can Atine ta kwance ƙullin da ke bakin mayafinta, inda ta adana kitson da ta datse kafin aski don ta binne a gida. Ta miƙa wa Batulu ba tare da ta ɗago kai ba. Batulu ta haɗa jelolin a hannu ɗaya, ta zagaya maɗaurin sau biyu. Ya kama daram, kamar yadda ta auna.

Ta ɗora wa Iman a ƙirji, ta ɗauko kofin nasha.

"Ga shi na ɗaura miki a gashinki. Saura alkawari."

Iman ta daɗe tana shafa shuɗin ƙyallen. Sannan ta buɗe baki ta karɓi cokali ɗaya. Da na biyu ya zo, ta juyar da fuska bango.

Batulu ba ta mayar da cokalin cikin kofi ba. Ta gyara zama, ta ci gaba da riƙe shi a nan kusa da bakin.